Sayarwa Da Naira, Kashewa Da Dala: Matsalar Masu Manhaja A Jos

JOS — Tun da aka buɗe cibiyar nHub a shekarar 2015, matasa da dama a birnin nan suka koyi rubuta manhajar wayar hannu. Sai dai iya aiki daban, yanke farashi daban.

Mai manhaja da ke cin gashin kansa yana biyan Apple Dala 99 kowace shekara, Google kuwa Dala 25 sau ɗaya, ga kuma hayar rumbun ajiyar bayanai, wadda galibi ita ma da Dala ce. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar da ake saye kimanin N460 ta haura N1,500 a 2024. Ɗawainiya ta ninka uku, alhali aljihun ɗan kasuwar Terminus da ake son sayar wa bai bi sahu ba.

Ragin kamasho daga kashi 30 zuwa 15 cikin ɗari da kamfanonin biyu suka yi wa ƙananan masu manhaja a 2021 bai cike giɓin ba. Manhaja kyauta mai dogaro da talla kuwa ba ta tsinana komai sai masu amfani da ita sun yi yawa ainun. A ganinmu, karɓar kuɗi kaɗan mako-mako ya fi dacewa, domin haka jama'a suka saba sayen data.