Kanal Mumuni Adamu Jarmakoy: Sojan Da Ya Zaɓi Zaman Lahiya

Garin Gaya, a kudancin jihar Doso, yana zaune ne tsakanin iyakoki biyu. A ƙetaren kogin Kwara ga Malambil ta ƙasar Benin, a gabas kuma ga Kamba ta Najeriya. Kayan da jiragen ruwa suke saukewa a Kwatano, ta kan gadar Gaya suka saba shigowa ƙasarmu. Don haka mutumin Gaya ya san kuɗin rigima: a ƙarshen 1963, da Nijar da Dahome suka yi saɓani a kan tsibirin Lete, an rufe hanya, kaya suka tsaya. A 2023 ma an sāke rufe gadar, ƴan kasuwa da direbobi da ƴan dako suka ji a jikinsu.

Wani ɗan wannan jiha ya gina rayuwarsa a kan wannan darasi. Shi ne marigayi Kanal Mumuni Adamu Jarmakoy, wanda aka haifa a 1939, ɗan gidan sarautar Doso. Soja ne da ya samu horo na hafsoshi, kuma yana cikin waɗanda suka kawo Seyni Kunce kan mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da fari ya ƙare dabbobi, rumbuna suka zama wayam.

Daga 1974 zuwa 1979 shi ne ministan harkokin waje. A zamaninsa ne Nijar ta sa hannu, tare da Najeriya da Dahome da sauran maƙwabta, a kan yarjejeniyar da ta kafa ƙungiyar CEDEAO a birnin Legas a watan Mayu 1975. Manufarta ita ce mutane da kaya su riƙa ƙetare iyaka cikin sauƙi, abin da garuruwa irin su Gaya suke rayuwa a kansa.

Bayan haka aka danƙa masa jagorancin kwamitin da ya tsara shirin raya ƙasa na zamanin Kunce. Shirin ya tsaya a kan ƙafa biyu: samariya da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma. An kafa majalisu tun daga ƙauye har zuwa matakin ƙasa, domin talaka ya faɗi buƙatarsa da bakinsa, ko rijiya ce, ko asibiti, ko iri. Masu suka sun ce gwamnatin soja ta yi amfani da waɗannan majalisu don ta riƙe jama'a a hannu. Duk da haka, a nan ne manoma da yawa suka fara koyon zaman shawara da riƙon asusu.

Da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, Kanal ya tuɓe kaki. A 1991 ya nemi shugabancin jam'iyyar MNSD, Tanja Mamadu ya kāda shi. Bai koma bariki neman goyon baya ba. Sai ya kafa tasa jam'iyya, ANDP, ya laƙaba mata suna da Hausa: Zaman Lahiya. A zaɓen 1993 ya zo na huɗu, ya mara wa Mahaman Usman baya, ya zama shugaban majalisar dokoki har 1994.

Ajali ya riske shi a Yamai ranar 14 ga Yuni 2009, a wurin gangamin masu ƙin a tsawaita mulki saɓanin tsarin mulkin ƙasa. Shekara huɗu kafin nan, a watan Yuli 2005, kotun duniya ta birnin Hag ta yanke hukunci cewa tsibirin Lete na Nijar ne, ƙasashen biyu kuma suka karɓa ba tare da harbi ba.

Hausawa sun ce zaman lahiya ya fi zama ɗan sarki. Kanal ɗan sarki ne, kuma soja, amma da ya tashi raɗa wa aikinsa suna, zaman lahiya ya zaɓa. Ma'aikatan da aka ɗora wa kula da iyakokinmu suna da abin koyi a nan.