Wane Babur Ya Dace da Rangadin Ƙasar Rabah?

Sa'ad da aka naɗa Ahmadu Bello hakimin Rabah a 1934, duk wanda zai fita rangadi a wannan ƙasa doki ya ke ɗaura wa sirdi, kowa kuwa ya san yadda a ke zaɓen doki: a duba haƙori, a duba kofato, a sukwane shi a gani. Yau babur ya gaji doki, amma sanin zaɓe bai biyo gadon ba. Ni da aikina shi ne zaga makarantu, ina duba malamai da ɗalibanmu masu gwajin koyarwa tun daga Rabah da Gandi har Wurno da Goronyo, da wuya wata ya ƙare ban gamu da malamin da ya ce mini, "Ranka ya daɗe, wane iri zan saya?" ba. Tambayar ba ƙarama ba ce, gama albashin watanni da yawa zai zuba, wani ma bashi zai ci.

To, jama'a, kafin a dubi babur a fara duban hanya. Da zarar ka sauka daga kwalta, da rani rairayi ne mai haɗiye taya, da gargada, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa. Da damina kuwa fadamun Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato su kan zama laka mai riƙe ƙafa kamar danƙo, wani wurin ma ba ka wucewa sai an ɗora babur a jirgin fito. Nan ne nauyi ya ke zama shari'a. Manyan baburan da Turawa masu yawon duniya ke alfahari da su, irin BMW GS, sun haura kilo 240. Ƙaramin babur kamar Honda CG125 ko Bajaj Boxer bai kai rabin wannan da yawa ba, watau mutum biyu sa ɗaga shi su sa a jirgi, in ya kayar da kai cikin rairayi kuma kai kaɗai ka tashe shi. Wanda bai taɓa jan babur cikin laka da rana tsaka ba, shi ne ke raina wannan magana.

Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne gyara. Na taɓa aron wani babban babur na wata ƙungiya, kyakkyawa ƙwarai, har yara na bin sa da kallo. Muna tsakiyar tafiya famfon mansa mai aiki da lantarki ya mutu. Makanikin ƙauyen ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Malam, wannan ya fi ƙarfina." Kwana biyu na yi a zauren mai gari, makarantu uku ba su gan ni ba. Da Boxer ne, da kafin la'asar na tashi, domin fulogi da sarƙa da wayar kuloci duk a kan same su a kasuwar ƙauye. Mutanen Japan sun gane haka tun 1975, sa'ad da kamfanin Honda ya fito da CG125 musamman don ƙasashen da a ke wahalar da babur ba a kula da sake baƙin mai: suka yi masa inji mai sauƙin sha'ani, da matatar iska ta soso wadda a ke wankewa a mayar. A ƙurar hunturu irin tamu wannan soso ya fi ado amfani nesa ba kusa ba.

Sa'an nan a dubi ƙafa. Mai wayoyi in ta bugi dutse ta lanƙwashe a kan miƙe ta, ta zubi kuwa tsagewa ta ke yi, sai sabuwa. A sa taya mai manyan haƙora, a nemi babur mai rufaffiyar sarƙa kamar yadda Yamaha ya yi wa AG200 na manoma, don rairayi da maiko in sun haɗu su kan cinye sarƙa kamar magagari. Tsayin ciki daga ƙasa shi ma a auna shi, saboda kututture da kunyoyin gona.

Maganar mai ta ƙara tsanani tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, kuma ba kullum jarka za ta cece ka ba: a 2021, saboda ɓarnar 'yan bindiga, Gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma rufe hanyar Marnona zuwa Isa. Saboda haka ka san iyakar tafiyar da cikin tankinka zai yi, ka gwada shi da kanka, kada ka dogara da bakin dillali. Babur mai ɗaukar ido kuma ba alheri ba ne a gefen Dajin Gundumi. Ni dai ba na barin gari sai na tambayi mai gari labarin hanya, ba na kuma yarda magariba ta same ni a daji.

A jakata kullum akwai famfo, da kayan faci, da fulogi guda, da sifana mai lamba 10 da 12 da 14, da gorar ruwa. Hular kwano kuwa a kaina ta ke, ko da zafin Afrilu ne.