Injin Walda Na Zamani Da Yadda A Ke Kiwonsa

Garmar shanu ta kan karye a tsakiyar huɗa, amalanke kuma ya kan ɓalle ran da a ke jidar amfanin gona. Kwana biyun da manomi zai yi yana neman mai walda a birni, a lokacin shuka, hasara ce babba. Shi ya sa ƙaramin injin nan da a ke kira inbata ya sami karɓuwa a ƙauyuka.

Tsohon injin walda nauyinsa a naɗin wayar da ke cikinsa ya ke, sai mutum biyu su ke ɗaga shi. Shi kuwa inbata, sai ya karɓi wutar lantarki mai juyawa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya, ya mai da ita mai juyawa fiye da sau 20,000. Da haka ɗan naɗin waya ya ishe shi, har mutum ya rataya shi a kafaɗa. Amma fa ƙananan na'urorin da ke wannan aiki ba su jure zafi, da ƙura, da wuta mai hawa da sauka.

Maganar zafi, a jikin kowane inji an rubuta yawan aikin da zai iya cikin minti 10. Kadan an rubuta kashi 60 cikin 100, watau ya yi walda minti 6, ya huta minti 4 ke nan, fankarsa tana juyawa. In fitilar zafi ta kama, kada a kashe shi, a bar fanka ta sanyaya shi tukuna. Sandar walda mai kaurin milimita 2.5 tana son amfiya 60 zuwa 90, mai milimita 3.2 kuwa 90 zuwa 130.

Ƙura kuwa, fankar ce ke zuƙo ta ciki, balle lokacin hunturu. Mafi muni garin ƙarfe da ke tashi wurin wasa ƙarfe, gama shi ya kan haɗa wuta a cikin inji ya ƙone shi. Sai a aza inji bisa benci, nesa da wurin wasawa. Kowane wata a zare shi daga wuta, a dakata kamar minti 5, domin yana riƙe ragowar wuta ko bayan an kashe, sa'an nan a hure ƙurar da busasshiyar iska.

Mai aiki da janareta, lalle ya nemi babba mai daidaita wuta. Ya fara ta da janareta, in ya zauna sosai sa'an nan ya kunna inji. In an gama, a fara kashe inji.

To, sai kuma tsaron rai. Hasken walda yana ƙona ido, zafin kuwa ba ya zuwa nan take, sai cikin dare mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tsare wannan, sai garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. A kori yara masu kallo. A sa safar hannu ta fata da takalmi rufaffe, kada kuma a yi walda a jiƙaƙƙen wuri ko da rigar da ta jiƙe da gumi, gama wutar tana kisa. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin bututun ruwa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, sai a yi aikinsa a fili.

Tartsatsi ya kan kai mita 10, saboda haka a nisanci rumbu, da harawa, da auduga, a ajiye bokitin yashi kusa. Duron da aka taɓa zuba wa fetur kada a sa masa wuta ko da ya daɗe ba kome ciki, domin tururin da ya rage shi ke fashewa. In tarakta za a gyara, a cire wayoyin batir, a maƙala matsen injin dab da wurin waldar.

Lokacin da ya fi kyau a duba garma da amalanke shi ne da rani. Wanda ya liƙe tsagewa tun tana ƙarama, ruwan farko zai same shi a gona.