Mai Na Wucewa Ƙarƙashin Kogi, Albasa Na Jiran Gada

Duk wanda ya taɓa ɗaukar albasar Galmi daga Malbaza ko Ƙwanni zuwa Kwatano ya san gadar Gaya da Malanville. A ƙarƙashin wannan kogi na Kwara ne bututun man Nijar, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya tsallaka zuwa Benin.

Yaya ake wannan aiki? Ba a tare ruwa. Inji ne ke huda ƙasa daga wannan gaɓa, ya lanƙwasa ƙarƙashin yashin kogi, ya ɓullo a waccan. Sai a faɗaɗa ramin, a jawo bututu ta ciki. Da irin wannan dabara ake kai wayar lantarki ga gadojin jirgin ƙasa masu ɗagewa a Amurka, don kada jiragen ruwa su tsinke ta.

Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya yi aikin, aka kuma fara loda mai a tashar Seme a 2024. Amma gadar da ke sama an rufe ta bayan juyin mulkin 2023. Benin ta buɗe ɓangarenta a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, fatake suka koma kwalekwale, kuɗin dako ya ƙaru.

Mu dai kiranmu ga mahukunta shi ne su dubi 'yan kasuwa. Mai ba ya ruɓewa in ya jira, albasa kuwa ba ta da wannan haƙuri.