Yadda Sunan Gari Ya Zama Sunan Gida

A cikin watan Maris na shekarar 1851, wani matafiyi Bajamushe da ya baro Kano yana nufin Kukawa ta hanyar Gumel ya ratsa ta Garki, wadda a zamanin nan take kusa da iyakar ƙasar Kano da ta Barno. Da kuwa wani daga cikin mutanen garin ya tambayi sunan baƙon, to, Abdulkarim za a ce masa, domin da wannan suna ya yi yawonsa a ƙasashen Musulmi, alhali a Hamburg, inda aka haife shi a 1821, Heinrich Barth aka san shi. Heinrich shi ne sunansa na yanka, amma Barth gado ne, mahaifinsa ya ɗauke shi, kuma duk ɗan da aka haifa a gidan da shi zai tashi, al'adar da babu ita a Garki a wancan lokaci.

Su kansu Jamusawa ba da ita suka faro ba. Sai wajen ƙarni na 12, sa'ad da birane irin su Kolon suka cika suka batse, har masu suna Hans da Heinrich suka yi yawan da marubutan haraji da na gado suka kasa bambance su, sa'an nan aka shiga liƙa wa kowa laƙabi, ko na mahaifinsa, ko na sana'arsa, ko na garinsa, ko na siffar jikinsa. Da tafiya ta yi tafiya laƙabin ya daskare a kan zuriya, ya zamana jikan maƙeri yana amsa Schmidt ko da bai taɓa riƙe masaba ba. Ta haka Müller, wato mai niƙa, ya zama sunan da ya fi kowane yawa a Jamus. Shi Barth, masana sun danganta shi da gemu, wasu kuma da gajarta sunan Bartholomäus. Daga 1876 hukuma ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a dukan ƙasar, sunan gida ya zama abin shari'a.

Abin lura shi ne, Bahaushe yana da waɗannan ƙofofi huɗu cif, yana cewa wane ɗan wane, da wane Maƙeri, da wane Bakano, da Dogo ko Maigemu, sai dai laƙabinsa yakan bi mai shi kabari. Bai kuwa ga wata lalura ta daskarar da shi ba, saboda yana da hanyoyin gane asali da suka fi haka faɗi: ga nasaba, wadda Alƙur'ani a Suratul Ahzabi ya yi umurni da jingina ta ga mahaifi, ga tsagar gado a fuska, ga sunayen dangi irin su Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa, da Jalligawa da Yalligawa na Dutse. Malamai kuma, idan sun yi nisa da gida, sukan ƙara nisba ta gari, kamar Muhammadu al-Kashinawi, masanin hisabi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

To, yaya aka yi sunan gari ya sauko daga bangon littattafan malamai ya shiga bakin kowa? Makarantar boko ce sanadi, kuma abin mamaki, wanda ya buɗe ta farko a Nasarawa ta Kano a 1909, Hanns Vischer, da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, mutumin Siwizalan ne mai ɗauke da sunan gida na harshen Jamusanci, wanda ma'anarsa ta asali ita ce masunci. Rajistar Turawa tana neman suna biyu, ga shi kuwa a aji ɗaya sai a sami Muhammadu biyar da Abubakar uku, sa'an nan ga kunya, domin yaron kirki ba ya buɗe baki ya ambaci sunan mahaifinsa a bainar jama'a, balle ya yarda sa'o'insa su riƙa kiran sunan safe da yamma. Saboda haka sunan gari ya zama mafita ga malami da almajiri baki ɗaya. A Kwalejin Katsina, Sardauna Ahmadu Bello Ahmadu Raba ne, Abubakar Imam kuwa Abubakar Kagara, kuma wannan ta'ada ce ta ba mu Tafawa Ɓalewa da Shagari da Aminu Kano.

Jigawa, jihar da Garki take ciki, tun bayan kafa ta a ranar 27 ga Agusta 1991, ba ta fita daga wannan tafarki ba. Gwamnanta na farar hula na farko Ali Sa'ad Birnin Kudu ne, Hafiz Ringim ya riƙe muƙamin Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2010 zuwa 2012, Saminu Turaki da Sule Lamido kuwa lafuzzan sarauta ne suka zame musu suna. A Garki, wadda yanzu take cikin masarautar Ringim, ɗan hakimi da ɗan maƙeri da ɗan baƙon da ya sauka shekaran jiya duk suna iya rufe sunansu da Garki, wanda a ganina adalci ne ta fuska ɗaya, hasara ta wata fuskar, domin sunan ya faɗi gari amma ya yi shiru game da gida; balle ma yanzu da mutumin Kudu, idan ya ji Garki, unguwar Abuja ce take faɗo masa a rai.

Gidajen da laƙabinsu ya daskare irin na Jamusawa kaɗan ne, kuma galibi dukiya ko mulki ne ya riƙe shi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya samo nasa daga Tata, tsohuwar da ta raine shi, ga shi yau 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne suna amsa shi. Haka 'Yar'aduwa, sunan unguwa a Katsina, ya bi Musa ya bi Shehu da Umaru. Sauran jama'a kuwa takarda ce take tilasta musu. Yaron da aka rubuta da sunan mahaifi a firamare, da sunan gari a jarrabawar WAEC, da sunan kaka a lambar NIN, ba zai san ya zama mutum uku ba sai ranar da banki ko ofishin fasfo ya dawo masa da takardunsa, ya nufi kotu neman takardar rantsuwa, ya kuma biya kuɗin sanarwa a jarida. Shi ya sa iyaye da yawa suka fara zaɓar suna guda, galibi na kaka, su rubuta wa dukan 'ya'yansu tun daga takardar haihuwa.