Ƙaramar Safaya da Mota Mai Manyan Tayoyi

A Nijar ana ce wa motar da ke iya ja da ƙafafunta huɗu kat-kat, kalmar da aka aro daga Faransanci, ma'anarta huɗu-huɗu. Irin waɗannan motoci, musamman Toyota Hilux da Land Cruiser, su ne ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, inda babu kwalta, babu mai faci, wani lokaci ma babu hanyar sai sawun wanda ya riga ka wucewa. Wasu masu motocin sukan cire tayoyin da motar ta zo da su daga kamfani, su sa waɗanda suka fi su tsawo da faɗi, domin cikin motar ya ƙara ɗagawa daga ƙasa, kuma ta rage nutsewa cikin rairayi. Amma sau da yawa huɗu kawai ake sauyawa. Ta biyar, wato safaya, sai a bar ta yadda take, ko don tsadar taya, ko don babbar ba ta shiga gurbin da aka yi wa safaya a ƙarƙashin bodin motar. To, ranar da ƙaya ko tsinin dutse ya huda ɗaya daga cikin manyan, me zai faru in aka ɗaura ƙaramar?

Kafin mu amsa, sai mun koyi karanta rubutun da ke jikin taya. Mu ɗauki taya mai lamba 265/65 R17, irin wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita a yau. Lambar farko, 265, faɗin tayar ke nan da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsawon gefen tayar kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta, wato kamar milimita 172. Ta ƙarshe, 17, faɗin wilin ƙarfen da ake sa tayar a kai ne, inci 17, wanda ya yi daidai da milimita 432. In aka haɗa gefen sama da na ƙasa da wilin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa samanta zai zama milimita 776. Yanzu a ce mai motar ya sauya zuwa 285/70 R17. Da wannan lissafin, tsayinta milimita 831 ne. Bambancin bai kai santimita 6 ba. In an jingina su biyun a bango, sai mai lura ne zai ga wani abin damuwa.

Damuwar tana cikin juyawa. Duk sanda ƙaramar ta juya sau ɗaya, takan ci mita 2 da santimita 44 na hanya, babbar kuwa mita 2 da santimita 61. Ke nan a kilomita guda ƙaramar za ta juya kusan sau 410, babbar sau 383. Ratar juyi 27 ce a kowace kilomita, 2700 a kilomita 100. (Wannan bambanci na kashi 7 cikin ɗari shi ne kuma ke sa agogon gudu ya yi wa mai manyan tayoyi ƙarya: in allura ta nuna 100, motar tana gudun kusan 107.)

Ƙafafu biyu da ke kan aksul ɗaya ba a ɗaure suke da sanda guda ba. A tsakiyar aksul ɗin akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da baƙin mai, a cikinta akwai giyoyi masu haƙora da makanikai ke kira difaranshal. Aikinsa shi ne ya bar ƙafa ɗaya ta fi ƴar'uwarta saurin juyawa sa'ad da mota ke shan kwana, tun da ƙafar da ke waje takan yi tafiya mafi tsawo. A miƙaƙƙiyar hanya ƙananan giyoyin da ke cikinsa hutawa suke yi. Da zarar an sa taya ƙarama a gefe guda, hutun ya ƙare, domin a wurin difaranshal motar kwana take sha ba tsayawa, tun daga inda aka ɗaura safayar har inda za a cire ta. Difaranshal na gama-gari yakan jure wannan na ɗan lokaci in ana tafiya a hankali. Amma akwai wani iri mai faifai a ciki, waɗanda ke matse juna don hana ƙafa ɗaya yin ta juyawa a banza cikin taɓo ko rairayi. Shi wannan, faifan nasa za su yi ta gogar juna, man ya yi zafi, su cinye. Akwai kuma motocin da ke da makulli wanda ke ɗaure ƙafafun biyu su juya daidai wa daida. Wanda ya danna wannan makulli a kan ƙasa mai tauri alhali tayoyinsa ba tsawonsu ɗaya ba, ya sa ƙarfe kokawa da ƙarfe, kuma abin da zai iya karyewa shi ne sandar aksul.

Saboda haka tambayar farko da direba zai yi wa kansa ita ce, wace irin kat-kat nake tuƙawa? Hilux da Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yanzu ana yin ta, da ƙafafun baya kawai suke ja, sai in direba ya sa giyar ƙafa huɗu da kansa. A irin waɗannan, wurin ƙaramar safaya shi ne gaba. Ko da ta baya ce ta fashe, sai a ciro babbar taya daga gaba a mai da ita baya, a sa safayar a gurbinta. Aiki biyu ke nan a cikin rana, amma ya fi sauƙi a kan sauke aksul. In motar tana da ƴan makullan nan na kan cibiyar ƙafafun gaba, sai a buɗe su, kowace ƙafa ta juya abinta ba ruwanta da ɗayar. Wannan dabara tana da nata farashin. Motar za ta karkata wajen ƙaramar tayar da kusan santimita 3, sitiyari zai riƙa fizga, kuma in aka taka birki da ƙarfi tana iya kaucewa gefe. Maganin wannan rage gudu ne kawai. Siririyar safayar da ake sa wa ƙananan motoci ma, wadda aka ƙera musamman don wannan aiki, a jikinta akan rubuta kada a wuce kilomita 80 a sa'a, balle wadda ba a yi ta don zama tare da sauran ba, a ƙarƙashin mota mai lodi.

Motocin da kullum ƙafa huɗu suke ja, kamar Land Rover Defender da Prado da yawancin manyan Land Cruiser tun daga samfurin 80 na 1990, ba su da ƙafar da za a ce ta huta. Suna da difaranshal na uku a tsakiya, tsakanin gaba da baya, kuma shi ma zai shiga aikin dole duk inda aka sa safayar. Sababbin motoci kuma suna da na'urori a kowace ƙafa masu ƙirga juyawarta, su kai labari ga kwamfutar da ke kula da birki. In ƙafa ɗaya ta yi ta fin sauran sauri, kwamfutar tana iya ɗauka santsi take yi, ta kunna fitilar gargaɗi, ko ta kama birkin ƙafar, ko ta rage wa injin ƙarfi.

A cikin rairayi kuwa lissafin yakan juya. Can dole ne a sa giyar ƙafa huɗu, kuma a Hilux da samfurin 70 wannan giya tana ɗaure gaba da baya su juya tare. A kan kwalta wannan haɗari ne, domin aksul ɗin da ke ɗauke da ƙaramar taya yana neman ya fi ɗayan sauri da kamar kashi 3 da rabi cikin ɗari, ƙarafan su yi ta murɗuwa har giyar ta ƙi fita. Rairayi shi kuwa yakan bar taya ta ɗan zame, murɗin ya warware da kansa. Wato ƙarafan motar sun fi samun sauƙi a nan. Sai dai ƙaramar tayar ita ce za ta fara nutsewa, tun da tafinta bai kai na sauran ba, kuma gefen da take ya fi kusa da ƙasa. Direba ya tuna ya cire giyar ƙafa huɗu da zarar ya hau tsandauri.

Akwai masu cewa a sace wa babbar tayar iska, a cika ƙaramar tam, sai su zo daidai. A ido za su yi kamar sun daidaita, amma juyinsu ba zai daidaita ba. Tayoyin zamani suna da ɗamarar waya a ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa, kuma tsawon wannan ɗamara ne ya fi yanke yawan hanyar da taya ke ci a juyi guda. Rage iska ba ya gajarta waya sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da zai haifar shi ne babbar tayar ta yi zafi a kan doguwar tafiya, ita ma ta fashe, alhali babu wata safayar.

A ganina, wanda ke yawo tsakanin Maraɗi da Damagaram, inda ba a daɗewa ba a ga rumfar mai faci ba, yana iya zama da ƙaramar safayarsa in ya san inda zai sa ta da yadda zai tuƙa. Wanda zai shiga Tenere kuwa, inda safaya za ta yi ɗaruruwan kilomita tana ɗauke da mutane da jarkokin ruwa da na mai, ya kamata tayoyinsa biyar su zama iri ɗaya, in da hali ma shida. In babbar ta ƙi shiga gurbinta, a ɗaure ta a cikin bodi.

Kafin a tashi kuma a sauko da safayar a gwada ta a jikin motar. Hilux kat-kat kusoshi shida gare ta a kowace ƙafa, amma Land Cruiser 70 ta koma biyar tun 1999, don haka wilin da aka saya a kasuwar ƴan gwangwan ba lalle ne ya shiga ba. A duba ko jak ɗin yana iya ɗaga motar har babbar taya ta bar ƙasa, a kuma ajiye katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai cikin rairayi. Sannan a nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT a gefen tayar. Tun shekarar 2000, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an yi tayar a mako na 23 na 2019. Safayar da ta shekara goma a ƙarƙashin mota tana shan zafi da ƙura, robarta ta bushe ko da zanenta bai taɓa taka ƙasa ba.