Mai Ɗaukar Hoto: Amfanin Horo da Sanin Lissafin Sana'a

Ya kai mai karatu, idan ɗaukar hoto ce sana'arka, ko kana da ɗa ko ƙane da ke koyonta, wannan bayani naka ne. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai masu hoto da yawa da suka iya aikinsu. Ana kiran su wurin aure da suna da hawan salla, amma idan wata ya ƙare sai su rasa kuɗin hayar shago. Wani kuma da kamararsa ta lalace, sana'ar ta tsaya ke nan, domin ba shi da abin sayen wata. Sau da yawa abu biyu ne suka rasa: ƙarin horo, da sanin lissafin sana'a.

Sana'a ce mai sauyawa

A shekarun 1960 da 1970, hoton fari da baƙi ake yi. Mai hoto shi ke ɗauka, shi ke wankewa a ɗakinsa mai duhu, ribar duka tasa ce. A wannan zamani ne Philippe Koudjina ya yi suna a Yamai, yana ɗaukar matasa a wuraren rawa da shagulgula. Ya rasu a 2014, hotunansa kuwa sun zama tarihin birnin.

A shekarun 1980 sai hoto mai kala ya yaɗu a Afirka ta Yamma. Injinan wanke shi suna da tsada, sai manyan ƴan kasuwa ke iya sayensu. Shaguna da yawa na masu fari da baƙi suka rufe. Bayan shekara ta 2000, kamarar dijital, wadda ba ta bukatar fim, ta mamaye kasuwa. Sauyin bai bar manya ba: wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, shi ya ƙera kamarar dijital ta farko a 1975, amma kamfanin ya ci gaba da dogara ga cinikin fim, har ya kai ga bayyana karyewarsa a gaban kotu a 2012.

Yau kuma salula mai kamara tana aljihun mutane da yawa. Saboda haka, wanda zai biya ka kuɗi yana son abin da salularsa ba za ta ba shi ba: haske mai kyau, tsari, hoton da aka wanke a takarda mai ƙarko, da cika alƙawari. Waɗannan duka koyonsu ake yi.

Mene ne taron horo?

Taron horo zama ne na ƴan kwanaki ko ƴan makonni, inda masu sana'a ɗaya suke haɗuwa da wanda ya fi su sani, su yi aiki da hannunsu, a duba aikin kowa a gyara masa. Yawancin masu hoto a gidan ubangida suka koyi sana'a. Wannan hanya ce mai albarka, sai dai ubangida abin da ya sani kaɗai zai koya maka, har da kurakuransa. A taron horo za ka ga yadda wasu suke yi.

Ga kaɗan daga abin da ake koya:

1. Sarrafa haske. Idan ango ya sa farar shadda a rana tsaka, kamara takan ruɗe: ko fuskar ta yi duhu, ko aikin rigar ya ɓace. Za a nuna maka yadda ake kai mutum inuwa, da yadda farin ƙyalle ko farin kwali yake mayar da haske a fuska.

2. Kula da kayan aiki. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe kamara. Ba a sauya gilashin kamara cikin iska, ba a goge shi da bakin riga, ba a barin kamara da batir cikin rana.

3. Gyaran hoto a kwamfuta, ba tare da an sauya kamannin mutum ba.

4. Ajiyar hotuna, yadda ba za su ɓace ba.

5. Yanke farashi da hulɗa da masu kawo aiki.

Irin wannan horo ya ɗaga mutane da yawa. A 1989 David Goldblatt ya kafa makarantar Market Photo Workshop a Johanasbag ta Afirka ta Kudu, domin waɗanda mulkin wariyar launin fata ya hana su damar koyo. A Bamako ta Mali kuma, tun 1994 aka fara babban taron masu hoto na Afirka, inda ake baje hotuna, ana kuma koyar da matasa. A nan Nijar, ka tambayi labarin horo a ofishin FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a, ko a majalisar masu sana'ar hannu, wato CMANI, ko wurin ƙungiyar masu hoto ta garinku. Matambayi ba ya ɓata.

Kafin ka biya kuɗin horo, ka binciki abu uku. Ka nemi ganin hotunan da mai koyarwar ya ɗauka da hannunsa. Ka tambaya ko za a taɓa kamara, ko surutu ne kawai. Ka kuma tambayi wanda ya taɓa halarta abin da ya ƙaru da shi. Takardar shaida ba ta ɗaukar hoto. Abin da ka iya shi zai ciyar da kai.

Ka san nawa ne ribarka?

Kuɗin da aka miƙa maka ba duka ne naka ba. Ga misali, domin ka ga yadda ake lissafin. Ka sa farashin garinku a madadin waɗannan lambobi.

A ƙaddara an ba ka aikin biki a kan jika 40. Ga abin da za ka kashe:

Wanke hoto 60, kowane dala 40: jika 12.
Albam: jika 5.
Kuɗin mota ko mai: jika 3.
Yaron da ya taimaka maka: jika 4.

Jimla jika 24. Saura jika 16. Da yawa a nan suke tsayawa, su ce sun ci ribar jika 16. Amma akwai kuɗin da kake biya kowane wata, ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. A ce hayar shago jika 15, wuta jika 5.

Akwai kuma na uku, wanda aka fi mantawa da shi: tsufan kamara. Idan ka sayi kamara jika 360, kana sa ran za ta yi maka shekara 3, wato wata 36, to kowane wata tana cin jika 10. Wannan kuɗi ajiye shi za ka riƙa yi, domin ranar da ta mutu ka sami na sayen wata.

Ke nan nauyin wata ya zama jika 30. Idan aiki 6 kake samu a wata, kowane aiki zai ɗauki jika 5. Ribarka ta gaskiya a wannan biki jika 11 ce. Yanzu ka duba: da mai bikin ya matsa ka rage masa zuwa jika 28, da ka yini a tsaye, ka kuma yi asarar jika 1 daga aljihunka. Wanda ya san wannan lissafi ya san inda zai tsaya idan ana ciniki.

Littafin shago

Ka sayi kaye ɗaya domin shago kaɗai. Ka raba kowane shafi gida huɗu: rana, abin da aka yi, kuɗin da ya shigo, kuɗin da ya fita. Ka rubuta kowace dala a ranar, kada ka bari sai gobe. A nan ne karatun da kake koyo zai biya ka. Ko rubutunka bai nuna ba tukuna, lambobi da ƴan kalmomi sun isa.

Ka raba kuɗin shago da kuɗin gida. Ka yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kowane mako, kamar albashi. Idan cefane da gudummawar biki suna fitowa daga akwatin shago ba lissafi, jari zai narke ba ka sani ba.

Bayan shekara ɗaya, littafin zai nuna maka lokutan kasuwa. Za ka ga aiki yana yawa a lokacin salla, da bayan kaka idan aure ya yawaita, da lokacin da ƴan makaranta ke neman hoton takardun jarrabawa. Za ka ga yana raguwa da damina. Sai ka yi tanadi a lokacin samu. Littafin nan kuma shi za ka nuna idan kana neman rance a asusun ajiya da bashi.

Kafin alƙalami da bashi

Kada ka tafi aikin biki sai an yi magana ta ƙare: hoto nawa, awa nawa, nawa ne kuɗin, yaushe za a karɓa. A rubuta a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ka karɓi kafin alƙalami da zai isa kuɗin wanki da na mota, sauran kuma a biya ranar karɓar hotuna. Idan biki ya watse, kuɗi sukan ƙare, hoton amaryar wani kuwa ba ya sayuwa a kasuwa. Idan dole ka ba da bashi, ka rubuta suna da rana a shafi na dabam.

Tsohon hoto dukiya ne

Malick Sidibé na Bamako misali ne mai kyau. Yakan je wurin shagalin matasa da dare, ya wanke hotunan, ya manna ƙanana a jikin kwali da lambobi, masu shagalin su zo su zaɓi wanda suke so. Ya adana fina-finansa cikin kwalaye bisa tsari. Ya kuma iya gyaran kamara, wannan ya taimake shi lokacin da kasuwar fari da baƙi ta ja baya. Da duniya ta gano aikinsa a shekarun 1990, ajiyarsa tana nan. Ya sami kyautar Hasselblad a 2003, da kyautar Zakin Zinariya ta birnin Benis a Italiya a 2007. Ya rasu a 2016.

Kai ma ka ajiye kowane aiki a wuri biyu, misali a kwamfuta da wani ma'aji na dabam, ka sa masa rana da sunan mai shi. Kada ka goge katin kamara sai ka tabbata hotunan sun shiga wuri biyun. Wata rana iyali za su zo neman hoton mahaifinsu da ya rasu. Idan kuma wata jarida ko ƙungiya tana son amfani da hotonka, kana da haƙƙi a kansa. Hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa da masu fasaha a Nijar.

Amana

Ana shigar da kai cikin gida saboda an yarda da kai. Kada ka manna hoton matar wani ko ƴar wani a ƙofar shago, kada ka sa shi a Facebook ko WhatsApp, sai da izinin mai shi. Kuskure ɗaya na irin wannan yana iya rufe maka ƙofofin unguwa duka. Ke ma ƴar'uwa, akwai gurbinki a wannan sana'a, domin gidaje da yawa sun fi son mace ta ɗauki hoton taron mata.

Abin da za ka fara da shi

A wannan mako ka sayi kaye, ka fara rubutu. Ka lissafa nauyin watanka, har da tsufan kamara. Ka nemi masu hoto na garinku, ku yi adashe, ku sayi takardar hoto tare domin ta yi sauƙi, ku kuma nemi a shirya muku horo a ƙungiyance, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ka dawo daga horo, ka zaunar da yaran shagonka ka koya musu abin da ka samo. Ko ka shekara 20 kana riƙe da kamara, kada ka ji nauyin komawa gaban malami: gemu ba ya hana ilimi.